Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Ray Pfeifer, kuma da gaske hayaƙin gobara na jawo ciwon daji?

Tambaya: Malam, maigidana ɗan kwana-kwana ne, shekararsa goma sha ɗaya a bakin aiki. Duk ranar da suka je gobarar kasuwa sai ya kwana biyu yana tari, majinarsa baƙa ƙirin, kayan aikinsa kuwa ko sau uku na wanke ƙaurin ba ya fita. Kwanakin baya na tsinci labarin wani ɗan kwana-kwana a Amurka da ciwon daji ya yi ajalinsa, har aka sa sunansa a wata doka. Wane ne shi, kuma me ya yi? Sannan da gaske ne aikin kashe gobara yana jawo wannan ciwo, ko dai tsoratarwa ce kawai? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya tsare maigida, ya ƙara masa lafiya. Mutumin da kika ji labarinsa sunansa Ray Pfeifer, ma'aikacin hukumar kashe gobara ta birnin New York, wanda ya rasu ranar 28 ga Mayu, 2017, yana da shekara 59. Tambayarki biyu ce, amma amsar ta biyu tana cikin ta farko, don haka bari mu fara da mutumin.

An haifi Pfeifer a 1958, ya shiga aikin kwana-kwana na New York a 1987. Tasharsu tana yammacin unguwar Manhattan, a kan titin Amsterdam, kuma motoci biyu gare ta: motar ruwa mai lamba 40 da motar tsani mai lamba 35. Tashar kwana-kwana a can kusan gida ce. Masu aikin kwana a nan suke girki, teburi ɗaya suke cin abinci, ɗaki ɗaya suke kwanciya har jiniya ta tashe su. Kowa ya san matar kowa da sunayen 'ya'yansa. Ki riƙe wannan, domin shi ne zai fahimtar da ke abin da ya yi daga baya.

Ranar Talata, 11 ga Satumba, 2001, ba shi da aiki. Yana filin wasan golf da wasu abokan aikinsa labari ya iso musu cewa jirage sun afka wa tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, masu hawa 110 kowanne. Mutum goma sha uku suka fita daga tasharsu da safen nan. Ɗaya ne ya tsira da rai. A wannan wuni hukumar ta rasa ma'aikata 343, adadin da har gobe duk ɗan New York ya haddace. Marubuci David Halberstam ya yi littafi sukutum a kan wannan tasha, mai suna Firehouse, wanda ya fito a 2002.

Da Pfeifer ya isa wurin, sai ya ƙi barinsa. Ma'aikatan ba su kiran wurin da sunan da 'yan jarida suka sa masa. Kalmar da suke amfani da ita tana nufin tsibi, domin abin da suka tarar ke nan: tsibin ƙarfe da kankare da toka mai tsawon bene da yawa. A kwanakin farko da hannu ake tono. Mutane su jeru sahu, a cika bokiti da ɓaraguzai, a miƙa daga hannu zuwa hannu har ya isa ƙarshen layi, a juye, a dawo da shi. Da farko masu rai ake nema. Da aka fitar da rai da samun su, sai aka koma neman abin da za a miƙa wa iyalai su binne: hular kwano, guntun riga mai suna, wani lokaci ƙashi ɗaya tak. Wata takwas Pfeifer ya yi yana wannan aiki, har aka rufe shi a ƙarshen Mayun 2002. Wutar da ke ƙarƙashin tsibin kuwa ba ta mutu ba sai a watan Disamba, wato fiye da wata uku suna tono a kan abin da ke ci yana hayaƙi.

To, me suka shaƙa? Bene mai hawa 110 idan ya niƙe, duk abin da ke cikinsa gari yake zama. Akwai siminti, wanda ƙurarsa ke ƙona maƙogwaro kamar kanwa mai ƙarfi. Akwai garin gilashi, da dalma, da asbestos irin wanda a da ake yin silin da shi, da dubban kwamfutoci da wayoyin lantarki da kujerun roba da suka ƙone da man jirgi. Mako guda bayan harin, shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka, Christine Todd Whitman, ta fito ta ce iskar yankin ba ta da illa. A 2003 mai binciken cikin gida na hukumar ya gano cewa lokacin da aka yi wannan magana babu isasshiyar hujja a kanta, ita kuma Whitman ta nemi afuwa a 2016. Takunkumin kare numfashi bai wadata ba a kwanakin farko, kuma ko da ya wadata, da yawa sukan sauke shi, saboda yana toshewa da ƙura, ga zafi, ga shi ba a jin maganar mutum ta cikinsa. Wanda ke neman gawar amininsa ba ya tuna huhunsa.

Tari ne ya fara bayyana, busasshe mai naci, har likitoci suka raɗa masa sunan wurin. Sai ciwon huhu da na maƙogwaro. A Janairun 2006 wani ɗan sanda mai suna James Zadroga, wanda ya yi ɗaruruwan awoyi a tsibin, ya rasu da ciwon huhu yana da shekara 34, aka yi ta jayayya a kan ko ƙurar ce ta kashe shi. Ciwon daji shi ya zo daga baya, domin shi ba ya gaggawa.

Na Pfeifer ya bayyana a 2009. Ciwon ƙafa ya kai shi asibiti. Da aka ɗauki hoto sai aka tarar da ƙari a ƙashin ƙugunsa, aka bi sawu aka gano asalinsa daga ƙoda ne, kuma ya riga ya kai mataki na huɗu, wato ya bar inda ya fara ya bazu. Aka cire ƙodar, aka shiga yi masa tiyata ɗaya bayan ɗaya, ana cire ƙashi ana sa ƙarfe. Duk da haka bai ajiye aiki ba sai 2014, bayan shekara 27.

A nan ne labarin ya koma na doka. Magani a Amurka tsada gare shi ta fitar hankali, kuma ma'aikatan tsibin da suka kwanta ciwo sun yi shekaru suna neman gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyinsu. Sai ranar 2 ga Janairu, 2011, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da aka sa wa sunan Zadroga, wadda ta kafa shirin kula da lafiyarsu, ta kuma sake buɗe asusun biyan diyya. Amma dokar ta zo da giɓi biyu. Na farko, babu ciwon daji a jerin cututtukan da ta amince da su, don an ce babu hujja tukuna. Ki duba fa, a lokacin Pfeifer ya riga ya rasa ƙodarsa. A watan Satumbar shekarar mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da ya nuna cewa 'yan kwana-kwanan New York da suka yi aiki a tsibin sun fi takwarorinsu da ba su je ba kamuwa da ciwon daji da kusan kashi 19 cikin ɗari, sannan a 2012 aka ƙara nau'o'in ciwon daji kusan hamsin a jerin. Giɓi na biyu shi ne wa'adi: shekara biyar kacal aka ba dokar, alhali ciwon da ake magana a kai yakan yi shekara goma ko ashirin kafin ya nuna kansa.

Da wa'adin ya zo ƙarewa a 2015, majalisar dokoki ta yi ta jan ƙafa. Pfeifer, wanda a lokacin ƙafafunsa ba su iya doguwar tafiya, ya hau keken guragu ya riƙa zuwa Washington sawu bayan sawu, tafiyar awoyi a mota. Tare da shi akwai John Feal, wani ma'aikacin rusau da ya rasa rabin ƙafarsa a tsibin ya koma jagoran fafutukar, da Jon Stewart, fitaccen mai barkwanci a talabijin. Aikinsu shi ne bin ofis-ofis, da zama a baranda suna jiran sanata ya fito su tare shi. Shi kansa Pfeifer yana da fansho da inshorar aikinsa. Waɗanda yake yi wa yaƙin sun haɗa da leburori da direbobi da masu shara da 'yan sa-kai da suka zo daga jihohi daban-daban, waɗanda ba su da kowa.

Stewart ya ba da wani labari a wurin jana'izar Pfeifer. Ya ce sau da yawa sai su sha wahala su isa ofis, ɗan majalisar ya ƙi fitowa, wani yaron ofis ya miƙo musu katin adireshi ya sallame su. Ran Stewart ya ɓaci, ya fara faɗa. Sai Pfeifer ya dafa aljihun ƙirjinsa ya ce masa ya kwantar da hankali, shi yana da duk katunan da yake bukata. A al'adar Kiristocin Katolika, idan an yi jana'iza akan raba ɗan ƙaramin kati mai hoton mamaci da sunansa da addu'a. Aljihun nan cike yake da irin waɗannan katuna na abokan aikinsa da suka rasu. Da su yake shiga majalisa.

Ranar 18 ga Disamba, 2015, majalisa ta sabunta dokar, aka tsawaita shirin lafiyar da shekara 75, har zuwa 2090, wato har sai mutum na ƙarshe da ya shaƙi ƙurar nan ya gama kwanansa. A Janairun 2016 magajin garin New York, Bill de Blasio, ya miƙa wa Pfeifer mabuɗin birni, wata babbar karramawa da birnin ke yi. Duk wanda ya yi masa jaje a kan ciwonsa, amsarsa ita ce shi mai sa'a ne, tunda ya sami shekarun da abokansa na tasha ba su samu ba, ya ga 'ya'yansa biyu sun girma. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ciwon ya gama da shi.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Asusun diyya shekara biyar aka ƙara masa, kuma masu ciwo suka yi ta ƙaruwa har kuɗin ya fara ƙarewa. A Fabrairun 2019 aka sanar cewa za a zaftare rabin abin da ake biya, wasu ma har kashi 70 cikin ɗari. Ranar 11 ga Yuni aka koma majalisa. Kafin a shiga zauren, 'yan kwana-kwana suka tsayar da Stewart a baranda suka miƙa masa rigar aikin Pfeifer, ya riƙe ta ya fashe da kuka. Da ya shiga ya tarar da kujerun 'yan majalisa da yawa babu kowa, ga marasa lafiya sun cika bayansa, ya wanke 'yan majalisar tas a gaban kyamara. Kusa da shi akwai Luis Alvarez, tsohon ɗan sanda da ciwon dajin hanji ya ramar da shi har ba a gane shi, wanda ya rasu kwana 18 bayan wannan zama. Majalisar wakilai ta amince da sabuwar dokar asusun da ƙuri'a 402 a kan 12, ta dattawa 97 a kan 2, Shugaba Donald Trump ya sa hannu ranar 29 ga Yuli, 2019. Dokar tana ɗauke da sunaye uku: Zadroga, Pfeifer da Alvarez. Ita ce kika ji labari. Abokansa kuma sun kafa gidauniya da sunansa, tana saya wa marasa lafiyar abubuwan da inshora ba ta biya. A Satumbar 2023 hukumar kashe gobara ta New York ta sanar cewa ma'aikatanta da cututtukan tsibin suka kashe sun kai 343, daidai da waɗanda benayen suka danne, kuma adadin ya ci gaba da hawa.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Kina iya cewa wancan bala'i ne na musamman, ina ruwan maigidana? Amsar ita ce gobarar yau da kullum ma tana da nata kason, kuma sanin haka ya daɗe. Tun 1775 wani likitan Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu share bututun hayaƙi na gidajen Ingila suna yawan kamuwa da ciwon daji a fatar maraina, ya danganta shi da kunkunniyar da ke maƙale musu a jiki. A zamaninmu, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bi tarihin 'yan kwana-kwana kusan 30,000 a biranen Chicago, Philadelphia da San Francisco, ta gano sun fi sauran jama'a kamuwa da ciwon daji da kashi 9 cikin ɗari, mutuwa da shi kuma da kashi 14. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sa aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na mafitsara da na tantanin da ke lulluɓe huhu.

Kada wannan ya ɗaga miki hankali fiye da kima. Rukunin farko yana nufin hujjar ta tabbata, ba wai duk ɗan kwana-kwana sai ya kamu ba. Ƙarin kashi 9 ma'anarsa inda mutum ɗari za su kamu a cikin jama'a, a cikin 'yan kwana-kwana masu yawa ɗaya sai a sami ɗari da tara. Haɗari ne na gaske, amma irin wanda ake iya ragewa. Kuma babu likitan da zai duba ƙarin da ke jikin mutum ɗaya ya rantse cewa hayaƙin rana kaza ne ya haddasa shi. Wannan ita ce ƙofar da hukumomi suka daɗe suna fakewa a bayanta, kuma ita Pfeifer da abokansa suka toshe. Dokar ba ta ce sai ka kawo hujjar da ba ta samuwa ba. Ka nuna ka yi aiki a wurin na tsawon lokacin da aka ƙayyade, ciwonka yana cikin jerin, likitan shirin ya tabbatar, sai a ɗauki nauyinka.

Yadda gubar ke shiga jiki shi ne abin da ya fi shafar gidanki. Gobarar da can itace ce da ciyawa da auduga. Ta yau katifar soso ce, da leda, da bokitin roba, da yadin roba, da fenti, da rigar wayar lantarki. Ki tuna abin da ke jibge a Kasuwar Sabon Gari ta Kano lokacin da ta ƙone a 2016, ko Kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023. Waɗannan kaya idan suna ci suna fitar da sinadarai irin su benzin da ake dangantawa da ciwon dajin jini, da wasu da ke tafiya a cikin kunkunniya. Hanya ta farko numfashi ce, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan harshen wuta ya kwanta, ana tone baraguzai ana neman inda take ci a ɓoye. A lokacin ne kowa ke sauke takunkumi ya ce an gama, alhali hayaƙin sanyi yana nan da dafinsa. Hanya ta biyu fata ce. Jiki ya yi zafi, gumi na zuba, baƙin nan ya kwanta a wuya da haɓa da hannuwa da matsematsi, ya ratsa a hankali. Hanya ta uku kayan aiki ne. A Amurka an daɗe ana ɗaukar baƙar riga da hular da wuta ta lasa a matsayin shaidar jarumta, ba a so a wanke. Yanzu sun gane cewa rigar tana ci gaba da fitar da gubar a mota, a tasha, a ɗakin kwana.

Don haka, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ki roƙi maigida, da zarar sun gama aiki ya goge wuyansa da fuskarsa da hannuwansa da jiƙaƙƙen tsumma tun a wurin, kafin ya ci ko ya sha wani abu, sannan ya yi wanka da sabulu da wuri, kada ya bari sai dare. Takunkumin da yake da shi, kada ya cire har sai ya bar wurin hayaƙin. Kayan aiki su zo a ɗaure cikin leda, kada su shiga ɗaki, kada yara su yi wasa da hular. In da hali a tasha ya kamata a wanke su. In kuwa dole sai a gida, ki ware musu bahonsu daban, ki sa safar hannu ta roba, kada ki haɗa su da kayan yara, ki zubar da ruwan nesa da inda ake girki. Ƙaurin nan da kika ce ba ya fita, shi ne shaidar cewa abin yana nan. Idan yana shan taba, barinta ya fi duk waɗannan amfani, domin hayaƙi biyu ne ke haɗuwa a huhu ɗaya. Kuma akwai alamun da ba a yi musu jinkiri ko jiƙe-jiƙe: jini a fitsari ko da sau ɗaya ne kuma babu zafi, tarin da ya wuce mako uku, ramar da ba a san dalilinta ba, ƙari ko gyambon da ya ƙi warkewa, ciwon ƙashi mai naci. Duk wanda ya gani, asibiti, kuma ya gaya wa likita irin aikin da yake yi.

Abu na ƙarshe, ki saya masa ƙaramin littafi. Duk gobarar da ya je a rubuta ranar, da wurin, da abin da ya ƙone, da awoyin da ya yi a ciki. Da yawa daga ma'aikatan tsibin New York sun sha wahala wajen neman diyya saboda babu takardar da ke nuna sun taɓa taka wurin, sai da suka yi ta neman shaidu bayan shekara goma. Muna fatan littafin nan ya tsufa a akwati ba a taɓa bukatarsa ba. Allah ya kare maigida da abokan aikinsa, ya sa duk fitar da za su yi su dawo gida lafiya.